Gangar Jikin Aro

Shekarun baya, wata safiya bayan an gama yankan hatsi, ina durƙushe a makewayi taubashiyata tana cuɗa mini baya, sai na ji hannunta ya tsaya. Tsayawar hannun ba ta dame ni ba. Bakinta ne ya dame ni, domin shi ma ya tsaya, kuma tunda na san ta ban taɓa jin ta yi shiru don kanta ba. Tana tsakiyar ba ni labarin wata tsohuwar garinsu da ke zagin akuyarta kamar mutum, maganar ta yanke.

Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, kumfa ce ta shiga mata ido. Ta kamfato ruwa ta watsa mini, ta sa yatsa ta goga wani wuri ƙarƙashin allon kafaɗata ta hagu, ta sake gogawa da ƙarfi kamar mai kankare ƙanzo. Daga nan ta ce in zauna yadda nake, za ta kira Goggo. Goggonta ita ce mahaifiyata.

Bari in faɗi yadda muke a lokacin. Garinmu ƙarami ne, cikin kwarin Tarka, ba nisa da Belbeji. Mahaifina ya bi ayarin raƙuma arewa da hatsi, shi ya sa kawuna ya aiko ɗiyarsa daga wajen Tenhiya ta taya Inna sussuka. Sa'ata ce, kuma tun muna ƙanana muke gardamar wace ce baiwar wata, har yau ba a raba ba. Ita ba ta taɓa taka ƙofar lakkwal, wato makarantar boko, ba. Ni kuwa ina cikin yaran da aka ɗauka shekarar da aka matsa wa mai gari ya ba da ƴaƴa, kuma Allah ya sa karatun ya karɓe ni har na kai kolej a Damagaram. Na gama, na dawo gida ina jiran a tura ni koyarwa. Duk garin ni kaɗai ce budurwa mai sa riga. Sauran ɗaurin ƙirji suke yi, kafaɗu da baya a buɗe. Saboda rigar nan take kirana Madam, ni kuma in ce mata baƙauya.

Inna ta zo ta tsaya a bayana ta daɗe. Ta ce wurin ya yi fari-fari, bai kai tafin hannun jariri ba. Ba ta kira sunan abin da take tsoro ba, don a wurinmu ba a kiransa, sai dai a ce babban ciwo. Amma mu uku duk mun san wa muke tunawa. Akwai wata mata a bayan gari wadda a da ita ce mai kitson kowace amarya. A lokacin da nake faɗa, bukkarta daban, ƙoƙonta daban, in za a ba ta fura daga nesa ake tsiyaya mata, kuma yatsun da suka yi kitson babu su.

Inna ta aiki taubashiyata ta karyo ƙayar aduwa. Haka tsofaffi ke gwadawa: a soki wurin, in mutum ya zabura to da sauƙi, in bai ji ba sai addu'a. Ta ce in rufe ido. Na rufe, ina jiran zafi kamar mai jiran albishir. Na ji wani abu, amma wallahi har gobe ban san ko ƙayar na ji ko son in ji ne ya sa na ji ba. Da ta tambaye ni sai na ce kamar na ji, kamar ban ji ba. Ta jefar da ƙayar, ta ce in sa rigata, kuma maganar nan kada ta wuce mu uku.

A kolej an koya mana cewa yanzu ciwon yana da magani, ƙwayoyi ne da ake sha shekara da shekaru. Na san wannan da kaina. Na kuma san babu uban da zai miƙa wa malama mai wannan ciwo ɗansa ta kama masa hannu ta koya masa rubutu, ko ta sha ƙwaya buhu guda. Duk wahalar da na sha a gidan kwanan ɗalibai, da kukan da Inna ta yi ranar da aka tafi da ni, sai na ga za su ƙare a wata bukka kusa da ta mai kitso.

Inna ta yi abin da ta sani. Ta tatso nonon tumfafiya ta haɗa da jar kanwa ta shafa mini. Ni da na zauna a aji aka zana mini fatar mutum a allo, ni ce na kwanta rub da ciki ina cewa ta ƙara. Wurin ya ƙone, ya yi ruwa, ya bushe ya yi ɓawo mai kauri. Da aka sake kawo ƙaya aka soki ɓawon, ban ji komai ba. Wannan karon babu kamar. Bayan ƴan kwanaki taubashiyata ta ga wasu ƙananan tabo sun fito mini a haƙarƙari, ta faɗa wa Inna a gindin turmi, tana tsammani ban ji ba.

Daga nan ne wani abu ya shige ni wanda ban san ina da shi ba. Na fara kallon bayanta.

Da safe in ta sunkuya tana daka, sai in zauna bakin ɗaki cikin rigata ina kallon yadda naman bayanta ke motsi, baƙi sumul, ko ƙurji babu. In ta yi gumi sai ya riƙa ƙyalli. In ta shafa man shanu ta miƙa hannu ta baya tana murzawa ba tare da ta damu da abin da ke can ba, sai in ji kamar in fizge kwalbar in fasa. Da can ni ake kallo a gidan nan. Ni ce mai takalmi, mai littafi, mai magana da kumandan, babban mai mulkin yankinmu, ba tare da tafinta ba. Ita me take da shi ban da baki? Sai ga shi da za a ce in ba ta karatun duka da takalmin ta ba ni bayan nan, da ko tsayawa ciniki ba zan yi ba. Har lissafi nake yi a zuci, wai ita da za ta ƙare a daka da ɗaukar ruwa, me za ta yi da lafiyayyar fata haka? Mutum in tsoro ya kama shi ba ƙaramin mugu ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ta guje ni ba. Wata rana Inna ta zuba mini tuwo a wani ƙaramin akushi daban, idonta a ƙasa. Taubashiyata ta ɗauki akushin ta juye cikin namu na kullum, ta ce wa Inna wai Madam so take a riƙa ware mata loma mai nama, ba a gaban uwargijiyarta ba. Ta sa hannu ta ci, ta sha ruwa a ƙoƙon da na sha. Maimakon in gode, sai na ji har rashin tsoron nata ma ina kishinsa. Na ce a raina mai lafiya ce, shi ya sa take da halin yin kirki.

Sai kuma maganar mutumin nawa. Wani saurayi ne malamin dabbobi da ke zaune a Tanut, yana zagayen kasuwanni yana duba shanun Fulani da raƙuman Buzaye. Mun san juna tun Damagaram. Duk ranar kasuwarmu yakan biyo bayan la'asar ya tsaya a zaure mu gaisa, mu ɗan yi Faransancinmu yara suna leƙe. Ba a kai ga magana wurin manya ba, amma kowa ya san inda aka dosa. Tunda abin nan ya fito na daina fita wurinsa. Ina ganin in ya dube ni zai gani ta cikin rigar. Sai in ce zazzaɓi nake yi, taubashiyata ta kai masa ruwa ta ba shi haƙuri.

Ba da haƙuri kuwa ba ya ɗaukar lokacin da take ɗauka. Ina kwance a ɗaki ina jiyo ta tana ce masa mai allurar shanu, tana tambayarsa ko in ya auri Madam ita ma kama ta zai yi a kayar a ɗaure ƙafafu kafin ya yi mata magani. Shi kuma yana dariya irin wadda bai taɓa yi a gabana ba, don ni a gabansa kullum ƙoƙarin zama ƴar boko nake yi, shi ma haka. Wata ranar kasuwa ya aiko mini da sabulu mai ƙamshi. Washegari na ji ƙamshin a jikinta. Da na yi magana ta ce taubashi ba ya sata, ɗauka yake yi, kuma ai ni na daina wanka da rana, kada sabulun ya lalace. Na juya mata baya na yi kwana biyu ban ce mata uffan ba. Ita kuwa ta ci gaba da ba ni labarai kamar ina amsawa.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari. Ya ce likitocin yawo suna tafe ranar kasuwa mai zuwa, za a yi wa yara lamba, kuma za a duba jikin kowa, babba da yaro, mace da namiji, kowane gida sai ya fito, mai gari yana zaune yana ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Mun san yadda suke yi. Sukan kafa zana a gindin gawon bakin kasuwa, mata su shiga ɗaya bayan ɗaya su sauke zane zuwa ƙugu. Wanda aka samu da abin, a nan za a tsayar da shi gefe a rubuta shi, gari duka yana kallo. Haka aka yi wa mai kitso.

Mun kuma san yadda gari yake yi. Gidan da ke da amaryar da mijinta ba ya son a gani, ko tsohon da ba ya iya tashi, ko wani abin da ake ɓoyewa, sai a tura wani a madadinsa. Baƙi ba su san fuskar kowa ba, mai gari kuwa yakan dubi wani wuri. Taubashiyata ba ƴar garin ba ce, ba a ƙirga ta cikin gidanmu. Inna ta kira ta bayan rumbu, ni ina daga ciki ina jin su. Ta ce za ta gaya wa mata wai ƴar lakkwal ta ce ba ta tuɓewa gaban maza, kowa zai yarda, don an san mu da girman kai. Taubashiyata kuma za ta sa rigata da takalmina ta je da sunana. Taubashiyata ta ce to in suka yi mata yaren Nasara fa? Inna ta ce ta sunkuyar da kai kawai.

"Ai ba fuska suke dubawa ba," in ji Inna. "Gangar jiki suke dubawa."

Kalmar nan na sha jin ta tun ina yarinya, amma ranar ce ta fara shiga kunnena sosai. A aji malaminmu, wanda muke kira mushe da Faransanci, ya taɓa zana mana mutum ya raba shi uku, kai, da gaɓoɓi, da abin da ya rage a tsakiya, muka haddace sunansa da Faransanci muka ci jarrabawa. Ban taɓa haɗa shi da abin da ake faɗa a gida ba. A gida in an ce gangar jiki, wani lokaci ana nufin daga wuya zuwa ƙugu, ƙirji da ciki da baya. Wani lokaci kuma ana nufin jikin duka in an cire mai shi, kamar yadda ake cewa wane gangar jikinsa ce kawai a nan, hankalinsa yana wani wuri. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce daga gangar kiɗa aka samo ta, wai mutum ma kututture ne da aka rarake aka ja masa fata. Ban sani ba ko haka ne, ban taɓa samun wanda ya tabbatar mini ba. Abin da na gane a ɗakin nan shi ne, a duk jikin mutum nan ne wurin da ba shi da suna. Ana gane mutum da fuska, da tafiya, da murya, har da hannu. Gangar jiki kuwa ta kowa za ta iya tsayawa a madadin ta kowa. Tawa ta lalace, za a aro wata, kuma babu wanda zai ce an yi rashi.

Na yarda da shirin. In ce ban yarda ba na yi ƙarya. Har na koya mata yadda za ta ce "wi, mushe", wato "i, malam", in an kira sunana, tana maimaitawa tana murguɗa baki, tana cewa ashe abin da aka kai ni Damagaram in koyo ke nan.

Ranar kasuwa da hantsi muka ji ƙugin kamiyo, babbar motar likitocin. Inna ta fito da farar rigata mai maɓallai, wadda na ɗinka don ranar da zan fara shiga aji, da takalmina, da kallabina. Ta ce in shige ɗakin baya inda ake ajiye ƙaiƙayi, in yi shiru har a watse. Na shiga da zane ɗaya ɗaure a ƙirji. Ɗakin yana da wata tsaga a jikin zana wadda ke kallon ƙofar gida, ni kuma na sa ido.

Ta fito daga ɗakin Inna. Ban san abin da na zaci zan gani ba, wataƙila baƙauya cikin kayan aro, abin dariya. Rigar ta zauna mata fiye da yadda take zauna mini. Ta ɗaura kallabin irin ɗaurina, ta ɗaga haɓa, ta taka a hankali tana kwaikwayon tafiyata don ta ba Inna dariya. Inna ba ta yi dariya ba, amma ta gyara mata wuyan rigar, ta shafa kafaɗarta, irin yadda take yi mini.

Suna isa ƙofa sai ga mutumin nawa. Ashe likitocin sun roƙe shi ya taya su tsara layi, ya biyo ya ga ko na samu sauƙi. Ya tsaya ya dube ta daga kallabi har takalmi. Inna ta yi masa bayanin girman kan ƴar lakkwal a gurguje. Ya yi murmushi, ya cire hularsa ya ɗan rusuna, ya ce mata bonzur Madam. Ta ce wi mushe. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wallahi rigar kamar don ita aka yanka. Suka kama hanya, shi a gefenta, Inna a baya.

Mutanen da suka ji labarin daga baya sukan ce na yi ƙarfin hali. Wata malama da muke aiki tare har cewa ta yi ilimi ne ya yi aikinsa, na tuna cewa ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Babu ilimin da ya zo mini a ɗakin ƙaiƙayin nan. Abin da na gani shi ne sunana da rigata da takalmina da saurayina da uwata sun jeru sun tafi kasuwa, kuma babu abin da ya ragu a cikinsu. Ni ce kaɗai abin da aka bari, tare da ƙaiƙayi. Na ce yau riga ce, gobe aji ne, jibi ɗaki. Na san ba ta iya karatu ba, na san ba za ta iya shiga aji ba, amma kishi ba ya tsayawa tambaya. Shi ya ɗaga ni tsaye. Mutumin ma ban aure shi ba, ita ma ba ta aure shi ba. Kafin damina aka ɗauke shi zuwa gabas, ya yi wasiƙa ɗaya ya yi shiru. Amma har yau in ina wanka nakan kai hannu wurin tabon ƙunar nan in tsunkule shi, sai na ji zafi sannan hankalina ya kwanta. Kuma har yau in na ga mace ta sunkuya tana daka bayanta a buɗe, sai na kalla fiye da yadda ya kamata.

Na ture zanar na fito yadda nake, ba riga, ba takalmi, ƙaiƙayi a kaina. Rabona da fita haka tun kafin a kai ni lakkwal. Iska ta taɓa mini baya na ji kamar an tuɓe ni duka. Na bi ta tsakiyar gari, na wuce masu sayar da nono, na wuce wurin da Buzaye ke durƙusar da raƙuma. Ina jin hira tana mutuwa a duk inda na gifta, domin ɓawon nan baƙi ƙirin yana nan a bayana kowa yana gani. Ban iya tsayawa ba, don in na tsaya sai na juya, in na juya kuma sai na ga idanunsu.

Layin mata ya miƙe daga gindin gawo. Mai gari yana kan buzunsa. Inna ce ta fara hango ni, ta dafe ƙirji, ta yunƙuro tana warware mayafinta za ta rufe ni. Na kauce. Na je na tsaya gaban taubashiyata, saura mace ɗaya ta shiga.

"Cire mini rigata," na ce.

"A nan, Madam?"

"A nan."

Ta dube ni, ta dubi ƙaiƙayin da ke kaina. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma bakin nan bai fasa ba. Ta ce dama tun ɗazu rigar ke cizon ta a hammata, takalmin kuma ya ci mata diddige, in haka Nasara ke wahala to ta yafe. Ba ta cire ba, ta dai ja baya ta tura ni wurinta a layi, ta tsaya dab da bayana yadda ta kare ni daga masu kallo. Mai gari ya sa ido a kan carbinsa. Mutumin nawa yana can wajen layin maza, ban nemi fuskarsa ba.

Cikin zanar akwai wata ungozoma da babban likitan, wani dattijo baƙin fata daga can yamma, mai furfura a gemu, Hausarsa a karkace. Ungozomar ta juya ni. Da ya ga bayana ya ja tsaki, ya tambayi wa ya ƙona ni. Na amsa masa da Faransanci, na gaya masa komai, da ƙayar da tumfafiyar da rashin jin. Ya ɗaga gira ya ce ƴar kolej ce ke nan, kuma ta bari aka dafa ta kamar kaza. Ya ce wurin da aka ƙona ko na wane ne ba zai ji ƙaya ba, don haka shi babu ruwansa da wannan, a nuna masa inda ba a taɓa ba.

Na ɗaga hannu ya ga na haƙarƙari. Ya sa aka matsar da ni inda rana ke shigowa. Ya ce in rufe ido, duk inda na ji an taɓa in ɗora yatsa. Ya ɗauki ɗan guntun auduga. Na rufe ido, na ce a raina yau ma haka za a yi, kamar na ji kamar ban ji ba. Sai na ji wani abu mai laushi kamar ƙafar ƙuda a gefen haƙarƙarina. Na ɗora yatsa. Ya koma wani wuri, na bi shi. Ya tsaya bai taɓa ba ya tambaye ni ina, na ce ban ji komai ba, ya ce daidai, bai taɓa ba. Ya sake taɓawa a tsakiyar tabon, na ɗora yatsa tun bai ɗauke ba. Ya kama gwiwar hannuna ya lalubi wata jijiya, ya duba kunnuwana da girata da tafin hannuna. Daga ƙarshe ya sa farcensa ya ɗan kankari tabo ɗaya, ya nuna mini abin da ya fito, wani gari-gari kamar dusa.

"Kyasbi ne, ɗiyata," ya ce. "Gumi da riga. Za a ba ki abin shafawa."

Ban motsa ba. Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa da Faransanci, ya kira sunan babban ciwon ƙarara ya ce ba shi ba ne, ko kusa. Na ce masa uwata tana waje, kuma gari duka ya ga bayana, in ni na fita na faɗa babu wanda zai yarda. Ya dube ni ta saman tabarau, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda har masu raƙuma za su ji, ya ce da karkatacciyar Hausarsa uwar yarinyar nan ta ji, kyasbi ne, ba kuturta ba, kuma kada a ƙara ƙona masa mutane da tumfafiya.

Sai na ji wani ya zauna daɓas a ƙasa a bayan zanar, na ji taubashiyata tana cewa Goggo ki tashi mana, ana kallonmu. Ni ce ƴar fari, tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, sai dai ke, ko yarinyar nan. Daga inda take zaune a ƙasa, gaban mai gari da kasuwa duka, ta kira shi, ta sake kira. Na amsa ina ɗaura zanena.